Magajiya Daurama: Daga Tsohon Birni Zuwa Bakin Kusugu

Da wuya a sami wanda ya zauna a ajin firamare a ƙasar Hausa bai ji labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu ba. Yara sun san baƙon, sun san dokinsa, sun san wuƙar da maƙera suka ƙera masa. Amma in ka tambaye su labarin matar da ya tarar a kan gadon sarauta, iyakar abin da za su faɗa maka shi ne ta aure shi. Alhali kuwa garin nata ne, rijiyar ta jama'arta ce, kuma duk shawarar da ta juya labarin daga bakinta ta fito. Saboda haka a wannan mako filinmu na tarihin magabata zai bi sawun Magajiya Daurama, mace ta ƙarshe da ta mulki Daura, tun daga ƙaramin ƙauyen da kakanninta suka fara zama har zuwa wuraren da ake tunawa da ita a yau.

Ya kamata mai karatu ya san inda labarin ya fito. Abin da ke hannu shi ne labarin baka na fada da na tsofaffi, da kuma Girgam, wato kundin jerin sarakunan Daura. Wani jami'in mulkin Turawa mai suna E. J. Arnett ya buga labarin a 1910, sa'an nan H. R. Palmer ya sa shi cikin littafinsa Sudanese Memoirs a 1928. Don haka duk inda muka rubuta cewa an ce, al'adar Daura ce take magana. Inda kuwa muka kawo shekara, lissafin masana tarihi ne.

Ƙasar da ta gada

Daura tana wajen kilomita 80 gabas da Katsina, kusan kilomita 120 arewa da Kano, dab da iyakar Nijar. Ƙasa ce ta rairayi, ta gero da dawa da wake da gyaɗa. Damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma babu babban kogin da ke gudu rani da damina. Wanda bai riƙe wannan a zuciya ba, ba zai gane nauyin labarin Daurama ba, gama a irin wannan ƙasa mai rijiya shi ne mai gari.

'Yan kilomitoci a arewa da Daura akwai wurin da ake kira Tsohon Birni. Matafiyin da ya bi ta can ba zai ga abin da ya bambanta shi da sauran ƙauyukan manoma na wannan yanki ba. Sunan ne kaɗai yake tona asiri, domin Bahaushe ba ya kiran wuri birni sai in ya taɓa zama mazaunin sarauta. Bisa ga Girgam, a nan ne zuriyar ta fara kafa sansani. An ce wani mutum mai suna Najibu ya taso da jama'arsa daga ƙasar Kan'ana, suka zauna a Masar, daga baya suka yi yamma zuwa Tarabulus a Libiya ta yau. Ɗansa Abdul-Dar ya nemi sarauta a can bai samu ba, sai ya ja mutanensa suka ƙetare hamada, har suka yada zango a Tsohon Birni.

Ba Daura kaɗai ke kai asalinta gabas ba. Tsohuwar zuriyar sarakunan Borno ta danganta kanta da Saifu ɗan Zi Yazan na ƙasar Yaman, wasu labaran Yarabawa ma sukan kawo Oduduwa daga gabas. Masana suna ɗaukar irin wannan a matsayin hanyar da gidajen sarauta ke ɗaukaka tushensu. Amma akwai abin da Girgam ya faɗa wanda ba a saba jinsa a sauran wurare ba: waɗanda suka fara mulki a Tsohon Birni mata ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma sarautarsu ita ce Magajiya.

Jerin ya fara da Kufuru, sai Gino, Yakumo, Yakunya, Walzamu, Yanbamu, Gizirgizir da Innagari. Ta tara ita ce Daurama ta fari, wadda aka ce ta tashi da fada daga Tsohon Birni ta yi kudu, ta kafa sabon gari, garin kuwa ya ɗauki sunanta. Bayanta aka yi wasu, irin su Gamata, Shata, Jamata, Hamata da Zama. Masu lissafi sukan kawo mata 17, wasu 18. Ta ƙarshensu ita ce wadda muke magana a kanta, wadda ake kira Daurama Shawata. A bakin yawancin jama'a an haɗe mai ƙaurar da mai auren baƙon sun zama mace ɗaya, amma jerin ya raba su. Ko ta wace hanya aka bi, abu ɗaya bai sake ba: sa'ad da Bayajidda ya iso, bai tarar da daji ba. Ya tarar da gari mai fada, mai masu sarauta, mai dogon jerin masu mulki a bayansa.

An ce akwai sharaɗi a kan wadda take riƙe da sarautar Magajiya, wato ba ta aure. Sarauta ba ta bin ɗa, sai dai a zaɓo wata mace daga cikin gidan. Da wannan sharaɗi Daurama ta hau, kuma da shi ta yi mulki har ranar da baƙo ya sauka.

Ƙishirwa a bakin rijiya

Sabon garin ya dogara ga rijiya ɗaya, Kusugu. A cikinta kuwa, in ji labarin, akwai wani ƙaton maciji da ake kira Sarki, wanda ba ya barin kowa ya zura guga sai ranar Jumma'a. Mai karatu ya auna abin da wannan ke nufi. Uwargida za ta cika randa da tuluna da ruwan da zai kai ta kwana bakwai, da sha da girki da wanka da shayar da dabba. In ruwa ya ƙare ranar Laraba, sai haƙuri. In baƙo ya zo, babu abin tarbarsa. Gari yana da sarauniya, yana da mayaƙa, amma ainihin mai iko yana kwance a ƙasan rijiya, har sunansa ma Sarki.

Wasu masana suna ganin macijin alama ce ta tsohon addinin iskoki, da na masu tsaron wurin tsafi waɗanda suka riƙe ruwa a hannunsu suna sa wa jama'a doka. Wasu kuma suna ɗaukarsa a zahiri, domin ba baƙon abu ba ne maciji ya yi mazauni a tsohuwar rijiya. Kowanne aka ɗauka, matsalar Daurama ɗaya ce: ta gaji wata ƙa'ida da ke wahalar da talakawanta, kuma tsoro ya hana kowa taɓa ta.

Baƙon dare

Shi baƙon, labarinsa sananne ne, sai mu taƙaita. An ce Abuyazidu, wanda harshen Hausa ya mayar Bayajidda, ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya saɓa da gida, ya iso Borno da runduna, Mai na Borno ya ba shi 'yarsa aure, sa'an nan ya yi ta raba shi da mayaƙansa da dabara har ya rage shi kaɗai. Da ya ga ransa na cikin haɗari, sai ya gudu da matarsa suka yi yamma. A Garun Gabas, cikin ƙasar Haɗeja ta yau, ciki ya yi mata nauyi, ya bar ta a can, ta haifi ɗa wanda aka sa wa suna Biram. Ya wuce Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa, daga nan ya yi arewa.

Ya shiga Daura da dare, ba runduna, ba dukiya, ba wanda ya san shi. Wadda ta buɗe masa ƙofa wata tsohuwa ce mai suna Ayana. Ya roƙi ruwa don kansa da dabbarsa, ta gaya masa babu, ta kuma bayyana masa dalili. Ya ari gugarta ya tafi Kusugu. Da ya zura guga macijin ya riƙe, ya jawo shi sama, ya sare kansa, ya ɓoye kan a jakarsa. Ya sha, ya shayar da dokinsa, ya kawo wa tsohuwa sauran ruwan, ya kwanta.

A nan yawancin masu ba da labari suke jin an gama, amma a nan aikin Daurama ya fara. Sare kan maciji aikin dare ɗaya ne. Abin da za a yi da garin da aka karya wa tsohuwar doka, wannan ya rage ga mai mulki.

Safiyar da ta auna mutanenta

Da gari ya waye aka ga gangar jikin macijin a bakin rijiya, jama'a suka tsaya nesa, ba mai iya matsawa. Labari ya kai fada. Daurama ba ta yi aiki da jita-jita ba, sai ta aiki manyan bayinta su gano mata gaskiya. An ce Galadima ya je ya hango daga nesa ya komo, amma Ƙaura ya matsa har ya taɓa macijin, ya tabbatar ya mutu. Al'adar Daura tana kai asalin matsayin Ƙaura na shugaban mayaƙa ga wannan safiya.

Sa'an nan ta sa aka yi shela cewa duk wanda ya yi wannan aiki za a ba shi rabin gari. Nan da nan masu kwaɗayi suka cika fada, kowa na cewa shi ne. Sai ta sa sharaɗi mai sauƙi, wato a kawo kan. An ce wasu sun kawo kawunan macizai iri iri, amma ba wanda ya dace da gangar jikin. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Ana cikin haka Ayana ta zo fada ta ba da labarin baƙon da ya sauka a gidanta, da ruwan da ya kawo mata a daren da ba na Jumma'a ba. A duba wannan da kyau. Fada cike take da manya, ga tsohuwa wadda ba ta da sarauta, ba ta da kowa, tana kawo shaidar da ta rushe da'awar masu ƙarfi. Daurama ta saurare ta, ta aika aka kira baƙon, ya buɗe jaka ya fito da kan. Da ta raina tsohuwar nan, da rabin Daura ya tafi hannun maƙaryaci.

Alkawari kaya ne, ta kuwa tsaya a kan nata, ko da yake wanda ya cancanta baƙo ne wanda ba a san danginsa ba. Amma Bayajidda ya ƙi rabin gari, ya nemi aurenta. Wannan ya fi rabin gari nauyi, domin ya taɓa sharaɗin sarautarta. In ta ƙi, ta saɓa wa wanda ya buɗe wa jama'arta ruwa, ga kuma gari da za a tsaga biyu. In ta yarda, ta sake tsarin da mata goma sha wani abu suka bi kafin ta. Ta zaɓi garin ya zauna ɗaya. Aka ɗaura aure, baƙon ya tare a fada, jama'a suka riƙa kiransa Makas-Sarki, wato wanda ya kashe Sarki.

Domin a ga cewa kashe maciji ba shi ne ke gyara ƙasa ba, a dubi wani labari makamancinsa daga yamma. Mutanen Soninke na tsohuwar daular Gana, wadda suke kira Wagadu, a yankin Mali da Muritaniya na yau, suna da labarin macijin Bida, wanda ake ba budurwa kowace shekara. Wani saurayi ya sare kansa don ya ceci wadda zai aura. Abin da ya biyo baya a labarinsu fari ne na shekaru, da watsewar jama'a. A Wagadu an kashe maciji daula ta rushe. A Daura an kashe maciji ƙasashe suka tsiro. A labarin Daura akwai mai mulkin da ta san yadda za ta karɓi sabon al'amari ta ba shi mazauni.

'Ya'ya biyu, gari ɗaya

Auren bai kawar da sharaɗin nan take ba. An ce saboda shi ne Daurama ta ba mijinta wata kuyangarta, wadda labarin ke kira Bagwariya, ta zama ƙwarƙwararsa. Bagwariya ta haifi ɗa namiji, aka sa masa suna Karaf-da-Gari, ko Karɓagari, ma'ana wanda zai karɓe gari. Sunan kansa saƙo ne, Daurama kuwa ta gane shi. In aka bar abin haka, gadon da ya taso tun daga Kufuru zai fita daga gidan. Sai ta ajiye tsohon sharaɗin, ta zama matar mijinta sosai, ita ma ta haifi ɗa namiji. Ta sa masa suna Bawo, wanda ake fassarawa da a mayar wa masu gari garinsu.

Abin lura shi ne labarin bai kawo yaƙi tsakanin 'ya'yan nan biyu ba, bai kuma ce an kori Bagwariya ko an hallaka ɗanta ba. A tarihin gidajen sarauta da yawa, irin wannan kishi da jini yake ƙarewa. A nan da sunan suna aka yi muhawarar, kowane ɗa kuma ya sami rabonsa.

Bayan rasuwar Daurama sarauta ta koma hannun Bawo, daga nan ba ta sake komawa hannun mace ba. An ce Bawo ya haifi 'ya'ya shida: Gazaura ya gaje shi a Daura, Bagauda ya tafi Kano, Kumayau Katsina, Gunguma Zazzau, Duma Gobir, Zamna-Kogi kuma Rano. In aka haɗa da Biram na Garun Gabas, sun cika Hausa Bakwai. Al'ada ta ce har aiki aka raba musu: Kano da Rano sarakunan baba, wato rini, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Ashe shida daga cikin bakwai ɗin jikokin Daurama ne. Ana kiransu zuriyar Bayajidda, amma ta wajenta suka sami gadon sarauta, domin shi bai zo da ko taƙi ɗaya na ƙasa ba.

Zuriyar Karɓagari kuwa ita labarin ya danganta da ƙasashen Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Yarabawa da Kwararrafa, waɗanda aka laƙaba wa suna Banza Bakwai. A nan sai a yi hattara. Waɗannan al'ummai suna da nasu tarihin da nasu magabatan: Nupawa suna da Tsoede, Kabawa suna da Kanta, Yarabawa suna da Oduduwa, Gbagyi da Jukun ma kowa da nasa. Laƙabin ya nuna yadda fadojin Hausa suka dubi maƙwabtansu a wani zamani, ba hukunci ba ne a kan darajar kowa. Ko a cikin labarin kansa, ɗan Bagwariya shi ne wa, Bawo ƙane, uba ɗaya. Wanda ya ɗauki labarin don ya raina maƙwabcinsa bai saurare shi har ƙarshe ba.

Wane zamani ta rayu?

Masana sun bi hanyoyi biyu don kimanta zamaninta. Ta farko ita ce Tarihin Kano, wanda bisa lissafin Palmer ya sa farkon sarautar Bagauda a shekara ta 999. In Bagauda jikanta ne, to, ta rayu a cikin ƙarni na 10. Ta biyu ita ce sunan baƙon. A ƙasar Tunisiya ta yau an yi wani mutum mai suna Abu Yazid wanda ya yi wa daular Fatimiyya tawaye, ana masa laƙabi da mai jaki, aka kashe shi a 947. Shi kansa bai zo ƙasar Hausa ba, amma a 1966 W. K. R. Hallam ya kawo ra'ayin cewa mai yiwuwa mabiyansa da suka watse sun ƙetaro hamada da sunansa. Hanyoyin biyu sun haɗu a ƙarni ɗaya.

Akwai kuma masu ganin kada a ɗauki labarin kamar rahoton abin da ya faru a rana ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya ambaci Bawo ne a matsayin bawan Sarkin Borno, ba tare da zancen Bagadaza ba. Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a wata maƙala ta 1970, ya nuna cewa ƙasashen Hausa ba baƙo ɗaya ne ya kafa su ba. A hankali suka girma, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni, a wuraren da ke da ruwa da ƙasar noma da tama da hanyar fatauci. In aka bi wannan ra'ayi, darajar Tsohon Birni da ta matan da suka yi mulki a can ƙaruwa take yi, domin su ne tushen, baƙon kuwa reshe ne da aka ɗaura a kan itacen da ya riga ya kafu. Tushiya mafarin dawa.

Abin da ya rage bayanta

Sarautar Magajiya ba ta mutu da Daurama ba. Ta sauka daga kan gado, amma ta zauna kusa da shi. M. G. Smith, masanin al'adu ɗan ƙasar Jamaika, a littafinsa The Affairs of Daura na 1978, ya nuna Magajiya tana cikin manyan masu sarautar Daura ta dā, mace daga gidan sarauta wadda sarki ba ya yin watsi da maganarta. Har wa yau a cikin kwanakin Sallah ana yin Hawan Magajiya a Daura. Sarki da hakimai da dawaki da 'yan bindiga su fito a hawan da ke ɗauke da sunan sarautar mace. A watan Rabi'ul Awwal kuma ana Sallar Gani, wadda Daura ta yi suna da ita.

Gidan da ta bari ya sha gwaji. A 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyar ba ta ɓace ba. Ta koma ƙananan garuruwa, ta kafa sarauta a Zango wajen 1825, wani reshe kuma a Ɓaure, suka zauna a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Wajen shekara ɗari gidan Daurama yana zaune a bayan gari, kamar yadda ya fara a Tsohon Birni. A shekarun farko na mulkin Turawa, bayan Ingila da Faransa sun ja iyaka a wannan yanki, aka dawo da Malam Musa daga Zango aka naɗa shi Sarkin Daura. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, shekara 55. Muhammadu Bashar ya biyo baya daga 1966 zuwa 2007, sa'an nan Umar Faruk Umar ya hau a 2007. Kano da Katsina da Zariya duk sun sake gidan sarauta a lokacin jihadi ba su koma ba, amma Daura ta komo hannun zuriyar Bawo. Masarautar ta shiga Jihar Katsina da aka kafa a 1987, tana da ƙananan hukumomi biyar: Daura, Zango, Ɓaure, Mai'aduwa da Sandamu.

Wanda ya je Daura zai iya bin sawun labarin da ƙafarsa. Kusugu tana nan a cikin gari, an kewaye ta da gini, baƙi na zuwa daga nesa su leƙa, su ɗebi ruwanta. Mutanen gari suna cewa ba a taɓa ganin ta ƙafe ba. Ba nisa daga nan akwai gidan sarki, inda ake ajiye da takobin da ake dangantawa da Bayajidda. A arewa ga Tsohon Birni, a gabas mai nisa kuma, cikin Jihar Jigawa, ga Garun Gabas, wadda ita ma ƙaramin gari ce a yau ko da yake tana cikin bakwai ɗin farko. Rijiya da takobi suna samun masu ziyara. Ƙauyukan da labarin ya taso daga cikinsu kuwa, ba kasafai ake tunawa da su ba.

Abin koyi

'Yan'uwa masu karatu, ba kowa ne zai sare kan maciji ba, kuma ba kowace shekara ake bukatar mai yin haka ba. Abin da ake bukata kullum shi ne irin aikin da Daurama ta yi da safe. Ta bincika kafin ta yanke hukunci. Ta karɓi shaidar tsohuwa matalauciya a gaban manya. Ta cika alkawari ga baƙon da ba shi da mai tsaya masa. Da aka zo zaɓi tsakanin matsayinta da haɗin kan garinta, ta sadaukar da matsayin. Mai unguwa, da shugaban ƙaramar hukuma, da maigida a cikin gidansa, kowa zai iya auna kansa da wannan mudu.

Batun ruwa ma bai tsufa ba. An gina madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam a wannan yanki, an haƙa rijiyoyin burtsatse, amma har yanzu a ƙauyuka da yawa na arewa mata da yara ne ke sammako da jarka a ka, su yi tafiya mai nisa kafin su sami na sha. Duk abin da ya tsaya tsakanin talaka da ruwa, ko sakaci ne, ko son kai, ko famfon da ya lalace aka ƙi gyarawa, ɗan'uwan macijin Kusugu ne.

Ga iyaye kuma, musamman masu jinkirin sa 'ya'ya mata a makaranta da hujjar wai shugabanci ba na mace ba ne a al'adarmu, ga Girgam nan. Sunaye 17 na farko a jerin masu mulkin garin da Hausawa ke kira tushensu, duk na mata ne. In an zauna hira da yara ana ba su labarin Bayajidda, a fara daga Kufuru da Tsohon Birni, a ambaci Ayana da gugarta, a kuma gaya musu sunan matar da ta yanke shawara. Wanda kuma yake da tsoho a ƙauyensu mai sanin labarin wata rijiya, ko kuka, ko kufai, ya ɗauki takarda da alƙalami ya je ya zauna a gabansa tun yana da rai.